Ranar da Na Kira Sunan Lawali a Bakin Gulbi

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma roƙonsa ya tsare hannuna daga rubuta abin da ban gani ba. Wannan babin na yi wata uku ina juya shi a raina, sau biyu ina farawa ina yage takardar, domin akwai wanda zan ambata da ya riga mu gidan gaskiya, ba ya nan balle ya kare kansa. Amma ku 'ya'yana kun girma kuna jin labarin a bakin dangi, wurin suna da wurin biki, cewa ubanku Amadu matsoraci ne, ya shafa wa yayanku Lawali tsoro, ya raba shi da gadon gidansu, sannan kunya ta kore shi daga Argungu. Rabin maganar gaskiya ne. Ni matsoraci ne, kun sha ganina ina komawa in duba murfin rijiya bayan na san na rufe. Ɗaya rabin shi zan gyara yau, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kansa ba.

Gidanmu na Argungu gidan masunta ne tun kakanni. Mahaifinmu ya rasu ina saurayi, sai wana Manu ya zama babban gida, tukunyarmu ɗaya, fadamarmu ta shinkafa ɗaya, jirginmu ɗaya. Yaya Manu mutum ne mai kyauta da fara'a, in ya kamo giwan ruwa sai maƙwabta sun san an yi kamu. A ruwa kuwa ban taɓa ganin kamarsa ba. Ni aikina a tudu yake. Ina zama gindin darbejiya da zare ina gyara koma da homa, ragar hannun nan da ake kifa wa kifi, kuma duk unguwa an san in na ɗaure ƙulli sai na ja shi sau biyu kafin in wuce.

Lawali shi ne ɗanmu na fari ni da mahaifiyarku Kulu. Ku da kuka tashi a Birnin Kebbi ba ku san nauyin wannan ba, don haka sai na faɗa muku. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya sa baki in ana maganarsa. Ni "yaron nan" nake ce masa, Kulu kuma "wancan". Ɗan fari na babban gida ne. Yaya ne ya raɗa masa suna, shi ya kai shi makarantar allo, shi ke ɗinka masa rigar salla. In baƙo ya tambaye ni ko ɗana ne, sai in sunkuyar da kai in ce na Yaya ne. Haka aka koya mini, haka na yi shekara bakwai ina yi ba tare da na ga aibinsa ba.

Tun yana goye yaron nan ke tsoron ruwa. In za a yi masa wanka sai an ji kukansa a zaure. Da ya fara tafiya, ba ya leƙa randa, sai dai a ɗebo masa a moɗa. Ranar da aka yi ruwan sama indararo na zuba, sai ya shige bayan buhunan shinkafa ya toshe kunne. Na tuna ran da muka hau mota za mu gaishe da dangin Kulu a Gulma, da muka zo kan gada ya hango ruwa, sai ya cusa kansa cikin mayafin wata tsohuwa da bai sani ba, bai fito ba sai da aka ce masa an wuce. Mutanen motar suka yi ta dariya, ni ma na yi, don kada a ce na damu. Innarmu ta karɓo rubutu aka ba shi ya sha, aka yi masa hayaƙi, wasu suka ce 'yan ruwa ne suka taɓa shi tun yana ciki. Babu abin da ya sake.

Gidanmu na da maganinsa na irin wannan. Idan ruwa ya ja baya da rani, yaran gida da suka kai shekara bakwai ake tarawa a kai su gulbi. Yaro ya kwanta a kan gora, babban gida ya tura shi har inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, sai ya zare gorar. Manya na kewaye cikin ruwan, kuma don Allah ban taɓa jin an rasa yaro ko ɗaya ta haka ba. Yaro zai sha ruwa, ya yi ta fafutuka, ya fito ya iya iyo. Ana cewa a nan tsoro ke mutuwa. Ni ma an yi mini, kuma na iya ruwa, har yau in kun jefa ni zan fito. Amma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tsorona bai mutu a gulbi ba. Tun daga ranar da gorar nan ta kuɓuce daga ƙirjina ban sake yarda da wani abu da na dafa ba. Ƙofa, gada, alkawarin mutum, duk sai na sake taɓawa in ji ko suna nan. Kafin ranar, Inna ta ce ni yaro ne mai surutu da rawar kai.

Wata Laraba da hantsi ina gyaran koma, Yaya ya tsaya a kaina.

"Amadu, yaron ga ya kai bakwai. Jibi za ni kai shi gulbi da sauran."

"Yaya, da an ƙara mai shekara guda."

"Shekara nawa anka ƙara maka kai? Ba ga ka nan ba, kana iyo awa kwaɗo?"

Ya yi dariya ya wuce. Shi bai zo neman shawarata ba, sanar da ni ya yi don in ajiye aiki in zo in tsaya cikin ruwa da sauran maza. Na yi kwana biyu ina lissafa abin da zai iya faruwa, in tashi daga wannan in faɗa wancan. Ranar Juma'a da safe Kulu ta kawo mini kunu, ta ajiye, ba ta dube ni ba.

"Ni ba ni da baki ga zancen wancan," in ji ta. "Amma tun shekaranjiya bai ci tuwo ba. Yana ta tambayata ko mutum na jin zahi in ruwa ya ci shi."

"Mi kic ce mai?"

"Na ce ya tambayi Baba Manu. Wa za ni ce ya tambaya?"

Muka tafi gulbi, yara biyar, maza kamar goma, ga mata da 'yan kallo daga nesa. Ni ban shiga ruwan ba, na ce ƙafata na ciwo, ƙarya ce kuma na nemi gafarar Allah a kanta. Aka fara. Yaro na farko ya sha ruwa ya fito yana tari yana dariya. Na biyu ya yi kuka, aka yi masa waƙa, ya ware. Haka har huɗu. Lawali ne na ƙarshe. Da kuka ya yi, wataƙila da na daure, don na saba da kukansa. Bai yi ba. Ya tsuguna ya nutsa yatsunsa goma cikin yashi, leɓensa ya yi fari, idonsa a buɗe amma ba ya kallon komai. Yaya ya fito daga ruwa yana masa wasa, ya ɗaga shi cak, yashi na zuba daga hannunsa. Suna kaiwa inda ruwa ya taɓa gwiwar Yaya, yaron ya juyo ta kan kafaɗarsa ya dube ni. Ya san ba ni ake duba ba. Duk rayuwarsa an koya masa cewa wannan mutumin mai zare ba ya amsawa. Amma ya duba.

"Lawali!"

Ni kaina ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Kowa ya juyo, har matan da ke wanki can ƙasa. Wani daga cikin ruwa ya ce, "Kai, yau Amadu ya sha kunya da kunu." Aka fara dariya, sai ta tsaya da aka ga ina tafiya cikin ruwan da rigata da hulata.

"Yaya, aje shi."

"Mi kac ce?"

"Aje shi, nic ce."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai ya yi mini tambayar da ya san amsarta ɗaya ce tak a gidanmu, don ya ba ni hanyar komawa da mutuncina.

"Ɗanka ne?"

Da na ce na Yaya ne, da an yi dariya an wuce wurin.

"Ɗana ne," na ce.

Na kama hannun yaron na karɓe shi, na rungume shi a ƙirjina a gaban duk wanda ke wurin. Ranar ce farkon ɗaukarsa da na yi tun da aka haife shi, kuma abin da na fi tunawa shi ne na yi mamakin rashin nauyinsa. Muka bi ta tsakiyar mutane, ruwa na ɗiga daga wandona, har gida.

Bayan an sauko masallaci Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba, kuma na fi son da ta yi.

"Ni hurhura ta hito man ban taɓa kama sunan babban ku ba," ta ce. "Kai ka tsaya bakin gulbi kana kwarma sunan ɗan hwari, mata na ji. Da wane ido za ni shiga gidan suna?"

Yaya kuwa a zaure ya tare ni, kuma zan rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, don tana da nauyi, ba zan rage mata ba.

"Kana ganin ƙinai nikai? Amadu, bakin gulbi muke. Damina ruwa har ƙohwar gida yake zuwa. Yaron da bai iya ruwa ba nan garin, ranar da jirgi ya kihe da shi, kai ka kashe shi, ba gulbi ba."

Ya ba ni mako guda. Ko in maido yaron da hannuna Juma'a mai zuwa in miƙa masa a gaban waɗanda suka gani, ko kuwa a raba tukunya. Na yi makon nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Maganarsa ta jirgi ta zauna mini a ƙirji, don irin maganar da ni kaina nake gaya wa kaina ce. Na je wurin malaminmu na tambaye shi ko na yi saɓo. Ya ce ɗaga wa babba murya laifi ne, amma bai san inda aka hana uba kiran sunan ɗansa ba. Na sa ya maimaita mini sau biyu. Juma'a ta zo na ɗauki zarena na zauna gindin darbejiya kamar kullum, Lawali na zaune kusa da ƙafata. Yaya ya fito, ya tsaya, ya dube mu, ya koma ciki. Da yamma aka aiko wa Kulu tukunyarta da muciyarta.

Babu wanda ya kore mu. Amma an daina kawo mini koma gyara, yara na bin Lawali suna kiransa ɗan tudu, kuma in na shiga zaure sai hira ta mutu. Da aka yanke shinkafa na bar wa Yaya rabona na fadama, muka ɗaure kayanmu muka taho Birnin Kebbi. Na kama ɗaki a bayan unguwar Gesse, na shiga kasuwa ina ɗinke bakin buhunan albasa da basilla, tunda hannuna ya san zare. A nan aka haifi sauranku. Kun tashi ba ku san tuwon kakarku ba sai da salla, kuma har ta rasu in na gaishe ta tana amsawa ne tana kallon tabarma. Wannan ni na jawo, na sani.

A gidan da muka kama haya akwai wata Bayarabiya mai suna Iya Bose, ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Farfesun tarwaɗa take sayarwa, tana ajiye kifin da rai cikin manyan bahuna uku a tsakar gida. Da muka zo, Lawali ta jikin bango yake bi don kada ya kusanci bahunan. Na yi niyyar mu tashi saboda shi, Kulu ta ce ita ta gaji da ɗaure kaya. Bayan wata biyu na dawo daga kasuwa na tarar da shi tsugune daga nesa, kamar taku goma, yana kallon ruwan yana motsi. Mako na gaba taku biyar ne. Wata rana na same shi ya dafa bakin bahon da hannu biyu, hancinsa ya kusa taɓa ruwa. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma wallahi sai da na yunƙura zan janye shi.

"Malam Amadu, bar yaro," in ji Iya, tana yanka albasa. "Kifin nan ba ya cin mutum, mu ne muke cin shi."

"Iya, kada ya zame."

"In ya zame zan sa masa yaji in sayar. Je ka ka yi alwala."

Na je na yi alwalar, ina leƙe ta bayan ƙyaure. Ranar na gane cewa riƙe hannuna daga janye shi ya fi mini wuya a kan karɓe shi da na yi daga hannun Yaya.

Daga nan ba ya rabuwa da bahunan in ya dawo makaranta. Wata rana ya ce wa Iya ta fara yanka wani mai tabo a kai, don gobe zai mutu, yana yawan hawowa sama yana haɗiyar iska. Ta ce ka ji boka, ta bar shi don ta gwada. Da safe ga shi ya juya ciki sama. Tun daga ranar sai ta tambaye shi kafin ta ɗauki wuƙa. Sai tambayoyi suka dawo kaina. Baba, kifi na barci? Baba, a ina tarwaɗa take zuba ƙwanta? Me 'ya'yan suke ci kafin bakinsu ya buɗe? Ni ɗan masunta jikan masunta, wasu na sani, da yawa ban sani ba. Mu kamu muka gada, babu wanda ya taɓa zama ya tambayi yadda kifin ya zo. Na riƙa ce masa ban sani ba, don ina tsoron in koya masa abin da ba haka ba.

Da ya gama sakandare ya ce shi ƙyanƙyasar kifi zai koya, Iya ta haɗa shi da wani ɗan garinsu mai wannan sana'a. Gwajinsa na farko a bahon wankin Kulu ya yi shi, 'ya'yan kifin suka mutu kaf cikin kwana uku, gida ya yi ta wari, uwarku ta rantse ba za ta sake ba shi ko moɗa ba. Na biyu ma haka. Yanzu kun ga tafkunansa na siminti, kun ga masu zuwa daga Gulma da Argungu da jarkoki suna sayen 'ya'yan tarwaɗa, cikinsu har da waɗanda suka kira shi ɗan tudu. Amma kada ku ce wannan ne ya wanke ni. Ko da a ce ya ƙare yana sayar da goro a bakin titi, da ba zan ce na yi kuskure ba. Kuma ku rubuta wannan ku ajiye: yayanku har yau bai iya iyo ba. Ruwa in ya wuce gwiwa ba ya shiga. Da damina in zai kai kaya ƙauyukan da sai an hau jirgi, ni na saya masa rigar nan mai hana nutsewa, yana sawa ana masa dariya, ni kuma ina zaune da waya a hannu har sai ya kira ya ce ya sauka. Maganar Yaya ta zaure ba ta taɓa barina ba.

Shekara uku da suka wuce aka aiko cewa Yaya Manu na kwance, jiki ya yi nauyi. Mun daɗe muna gaisawa a wurin jana'iza da salla, amma zancen gulbi ba mu taɓa tayar da shi ba. Na tafi Argungu da hantsi, na same shi a zauren nan dai, an jingina shi da matashi, hannayen nan da suka ja giwan ruwa sun zama kamar kara. 'Ya'yansa suka fita suka bar mu. Tun a mota nake shirya abin da zan faɗa, ina tsoron in faɗi fiye da abin da ke zuciyata, in yi ƙarya a gaban mai shirin tafiya.

"Ɗan naka," ya ce, "har yanzu bai iya ruwa ba?"

"Bai iya ba, Yaya."

"To ka gani."

"Na gani."

Sai na matsa kusa na kama hannunsa.

"Yaya, ka yahe man ɗaga murya da niy yi gabanka, mutane na kallo. Ka yahe man kunyar da nis sa Inna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Yaron da ka ƙwace ga hannuna hwa?"

Na san kalma ɗaya yake jira, kuma na san ba zan sake samun wata damar ba.

"Wannan ba ni neman gahwara kainai. Ko gobe anka koma bakin gulbi, karɓe shi za ni yi."

Sai ƙirjinsa ya fara motsi, na zaci tari ne har na miƙa hannu ga moɗa, ashe dariya yake.

"Kai da ko kaza tat tashi sai ka razana," ya ce. "Na yahe ma murya. Na yahe ma ta Inna, in tawa ta isa. Ɗayar kuwa ban yarda ba, kuma ba ni yarda. Mu bar ta, Mai shari'a na nan."

"Mu bar ta, Yaya."

Ya rasu bayan kwana tara, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Lawali na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Har yau nakan zauna in auna maganar nan tamu ta ƙarshe, in tambayi kaina ko da na sassauta, tunda mutum na kan gargara. Na auna ta ta kowace fuska da na iya, yadda nake auna komai. Duk sauran abubuwan da na yi a duniya ina komawa in sake dubawa ko na yi daidai. Wannan na duba, yana nan inda na bar shi.